Kangon Da Na Raina A Guangzhou

Shekarun baya, gab da wasannin Olamfik, na saro wandunan jins a garin Xintang, kusa da Guangzhou, dila-dila, na rasa wurin ajiya. Lokacin an matsa wa baƙi, sito ya yi tsada, biza kuma sai an fita daga ƙasar an sabunto. Kayan nan kuwa ba na wasa ba ne, gonar mahaifiyata aka sayar aka ba ni jari.

Wani abokina mutumin Maraɗi ya kai ni wani tsohon gini kusa da kogi, irin masu rumfa a gaban nan. Ina ganinsa na ɓata rai. Fenti duk ya ɓare, ga matakala tun daga bakin titi. Na ce ni da na zo ganin zamani zai kawo ni kango? Ya ce to Alhajin birni, in akwai kuɗin sabo bismilla. Babu, sai na kama hayar wurin na zuba kayana.

Tsohuwar da ke da wurin ta yi ta zuba, abokina da ya ɗan iya yarensu yana fassara. Wai kamfanin wasu masu zanen gine-gine ne ya tsara layin tun zamanin kakanta, a lokacin wurin bakin gari ne, taɓo da bukkoki. Su suka kawo siminti, suka fitar da titi da magudana, suka ɗaga daɓen kowane shago. Ni da bayana ke ciwo saboda dako, ko a jikina.

Ina Hong Kong neman biza ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. A talabijin na ga motoci sun nutse a Guangzhou, wayar abokina kuma ta ƙi shiga. Da wane ido zan kalli mahaifiyata?

Da na dawo, layin duk laka. Ruwa ya bar shaida a bango, amma bai kai daɓen ba. Na farke dila ɗaya, a bushe ƙayau. Nan na zube a kanta, tsohuwar tana min dariya tana cewa meyo, meyo, wato babu abin da ya taɓa su.

Da na ba mahaifiyata labari a waya, sai ta tambayi sunan maginan. Na ce ban sani ba, sun daɗe da mutuwa. Ta ce, "To, sun yi maka aiki ba su san ka ba. Kai wa kake yi wa?"

Har yau in na tuna dilar nan sai na yi ajiyar zuciya. Amsar tambayar mahaifiyata kuwa, ina nan ina nema.