Ranar da Injiniya Ta Riƙe Mini Hannu

Shekara ashirin da shida ina masinja a asibitin nan. Da can ƙafata ce ke kai takarda daga ɗakin likita zuwa ɗakin gwajin jini, daga nan zuwa tagar magani. Da aka kawo manhajar da ke haɗa kwamfutocin, ta karɓe wannan aikin, aka bar ni da shara da dafa shayi, sai kuma abu guda: in ta cije, in je in kashe makunnin bango, in ƙirga goma, in kunna.

Mai kula da manhajar muna ce mata Injiniya. Siririya ce, marar yawan magana, kullum cikin tsohuwar rigar sanyi don ɗakinta kamar firji yake. Mahaifinta tela ne, da kekensa ya yi mata karatu. Ta fara aiki ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, kuma ita kaɗai Allah ya ba shi. Wata maƙwabciya ke zama da shi, amma huɗu da rabi take komawa gidanta.

Manhajar kuwa dunƙule guda ce. Ko ɗan gyara za a yi, sai an kashe komai, don haka sai an tashi aiki take taɓawa. Sau biyu tana komawa gida ta tarar tsohon ya zamo daga gado, yana ƙasa yana jiranta.

Wata huɗu ta yi tana rarraba abin. Na kai mata shayi wata rana, na ce, "'Yata, me kike ta kwancewa ne?"

Ta ce, "Baba, ka ga kabad ɗin can? Kabad ɗaya, durowa biyar. Haka nake so ta zama. Saƙon gwaji da durowarsa, na magani da tasa. In ɗaya ta lalace, in zaro ta in gyara da rana tsaka, sauran suna aikinsu."

Na ce, "Ashe masinja biyar kika ɗauka a madadina."

Ta yi dariya. "Su biyar ɗin ba su san asibitin nan kamarka ba."

Manaja bai so ba. Ya ce in sabon tsarin ya ba shi kunya sau ɗaya, za a koma gidan jiya. Ita kuma ta faɗa mini a hankali cewa in aka koma, ajiye aikin za ta yi, ba za ta sake barin mahaifinta a ƙasa ba.

Ran Litinin da hantsi, benci cike da mutane, mai ba da magani ta leƙo ta taga. "Babu abin da ke shigo mini!"

Manaja ya ɗaga murya yadda ya saba. "Baba, kashe duka!"

Ƙafata ta kai ni tun kafin in yi tunani. Yatsana na kan makunni sai na ji an riƙe mini hannu. Injiniya ce, hannunta sanyi ƙalau.

"Baba, don Allah. Durowar magani ce kawai ta cije. Sakamakon jinin mutane yana kan hanya, in ka kashe sai mu ɓata awa guda."

Ban taɓa musa wa na gaba da ni ba. Amma na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ta minti goma. Takardun magani ni zan kai."

Ya dubi agogo, bai ce a'a ba. Na shiga zirga-zirga. Mai ba da magani na karɓa tana tsokanata, "Tsohuwar kwamfuta ta dawo aiki!"

Na ce, "Wannan ba ta cijewa, sai dai gwiwa."

Zuwana na bakwai ta ce in huta, saƙo ya dawo yana shigo mata. Likitoci ba su ma san an yi wani abu ba.

Manaja bai yaba wa kowa ba, ba halinsa ba ne. Ya dai sa aka liƙe makunnin da salatif.

Ƙarfe huɗu Injiniya ta rataye rigar sanyinta a bayan ƙofa ta fita. Washegari ta ce mini da ta isa gida, maƙwabciyar ko takalmin tafiya ba ta sa ba.