Kwalli a Tandun Baffa

Tandun na fara gani, ba bindigar ba. Ɗan ƙarami ne, na jar fata, an yi masa ado da koren zare, yana lilo a kugun Baffa, ƙanen mahaifina, ran da ya dawo daga wurin maƙeri a Ƙafin Maiyaki. Ina da shekara takwas, Baffa kuwa a idona ya fi duk samarin duniya kyau. Idan ya taho ta cikin dawa da yamma, har iska nakan ga kamar tana buɗe masa hanya.

Bindigar sai daga baya ya nuna ta. Gajera ce, ba ta fi kamu ɗaya ba, tana ɓacewa a ƙarƙashin riga. Baffa yana son ya bi fatake masu jakuna da ke kai gishiri da kanwa kudu, ta dajin Doguwa, inda ake tare mutane. Kakanmu ya ce ba zai saki ɗansa ba sai ya ga makamin ya tashi da idonsa. Ya sa ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, fataken kuma Asabar za su tashi.

Kwana uku ba a yi wata hira a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu ba sai ta bindiga. Maharbin garinmu, mai doguwar bindigar toka, ya juya ta a hannu ya taɓe baki.

"Wannan ai ludayi ce. Da ita za ka dama wa ɗan fashi fura?"

Maƙwabcinmu, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Turawa, ya ce, "Kai dai saba ka yi da kashe gada. Taka kafin ka sauke ta daga kafaɗa an kwance maka wando. Mu libarba muka gani a kugun manyanmu. Wadda ke jikinka kullum ita ce bindiga."

Maharbi ya ce, "To, gumin hammata fa? Albarushi ya sha gumi, sai ka harbe su da addu'a."

Baffa murmushi kawai yake yi. Shi abin da ya sani, ba ta da nauyi, ba ta hana shi kora jaki, kuma ba mai ganinta.

Ranar Alhamis ya tafi rafi wanka, ya bar tandun a rataye. Na buɗe, na zuba kaɗan a tafina. Baƙin gari ne mai tsakuwa-tsakuwa, yana wari. Ka sani, mai karatu, a gidanmu abu ɗaya ake zubawa a tandu, maza kuma suna sa kwalli ran Juma'a. Tausayi ya kama ni. Yaya za a yi mai idanu irin na Baffa ya shiga garuruwa da wannan mummunan kwalli? Na zubar da shi a bayan rumbu. Na kwaso kwallin Inna, mahaifiyata, na ƙara niƙa shi a kan dutse har ya yi laushi, na cika masa tandun. Ranar na yini ina waƙa.

Ran Juma'a aka jingina tsohuwar ƙwarya a jikin kuka. Ina leƙe ta zana na ga Baffa ya ciro tandun. Na jira ya kai ido, sai na ga ya kafa bakin tandun a bakin bindigar, idonsa na kan Kakanmu. Sai a lokacin na gane albarushi na zubar.

Ya ja kunama. Ƙyas. Ya sake ja. Ƙyas. Maharbi ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Kakanmu bai yi dariya ba. Ya ce, "Da a daji ne, da yanzu muna neman likkafani. Ka zauna."

Kafin magariba Baffa ya same ni a bayan rumbu ina kuka. Ya riga ya zazzage bindigar, ɗan yatsansa na ƙyalli. Ya tsuguna, ya daɗe yana kallona, sannan ya shafa yatsan a idonsa.

"Ɗiyata, wa ya koya miki niƙa haka?"

"Baffa, zan faɗa wa Kaka."

"Kul. In ya ji mace ta taɓa kayan bindiga, cewa zai yi uwarki ce ta aike ki, ta kwana gidansu. Baɗi ma akwai hanya."

Da safe muka ji kukan jakuna suna nisa. Baffa ya ɗauki lauje ya tafi gona.

Baɗi ta zo, ta tarar da Kakanmu a kwance. Mahaifina ba ya gani sosai, sai gandun gida ya faɗo kan Baffa. Bayan wasu shekaru manyan motoci suka karɓe hanya, fatauci da jaki ya mutu. Yau ina jin 'ya'yana suna zuwa Jos su dawo a yini guda, suna ƙorafin ramuka.

Baffa bai taɓa wuce Tudun Wada ba. Da ya tsufa, kullum da hantsi sai ya sa a kai masa tabarma bakin titi, wajen mai shayi inda direbobi ke tsayawa. Ya san sunan kowane gari da kowace gada daga nan har kudu, a jere, har direbobi na tambayarsa hanya. A ziyarata ta ƙarshe na ji wani yaron mota yana ce masa, "Baba, kai yaushe rabonka da can?"

Ya ce, "Ina dai shiri."