Baba Kiyari da Ihun Damagaram

Duk kun san marigayi Baba Kiyari bai taɓa kallon wasanmu ba. Shi ke horar da ekip ɗinmu, wato ƙungiyar ƙwallonmu, a Gure, amma da an hura usur sai ya juya wa fili ƙeya, ya zauna kan tabarma yana duban ƴan kallo. Wai idonsa nauyi gare shi, in ya kalli balo sai ta bauɗe. Ihun jama'a ke gaya masa mun ci. Kuma ya hana kowa faɗa masa sakamako sai an tashi.

Wata rana balo ta daki ƙeyarsa, har hula ta faɗi. Bai waiga ba.

"Lawali ne," in ji shi. "Ba mai kuskure raga da nisa haka sai shi."

Lawalin ne kuwa.

To, shekarar da muka shiga kofin ƙasa, wanda in an cinye ka sau ɗaya sai gida, muka fitar da ƴan Gidigir, aka tura mu Damagaram. Ni ke buga gaba, kuma an ce masu neman ƴan wasa za su zo daga Yamai. Ranata ke nan, ba ni da wata.

Baba ya shimfiɗa tabarma, ya ba fili baya. Aka yi ihu, ya ɗaga hannu sama. Aka sake, ya miƙe har da ƴar rawa. Na uku ya hau rabon goro. Ya manta ba a Gure muke ba, ihun Damagaram na ƴan Damagaram ne.

Da aka tafi hutu ya dafa kafaɗata.

"Habu, ya isa haka. Zauna ka huta, ina son ka a zagaye na gaba."

"Baba, ai mu ne ake..."

"Rufe min baki, kar ka karya mana sa'a."

Na dubi Lawali, Lawali ya dubi ƙasa. Na zauna. Mutanen Yamai ko sunana ba su tambaya ba.

Da aka tashi, a cikin kamiyo, babbar motar da ta kawo mu, aka gaya masa an cinye mu. Sai da muka kai garin Gidimuni sannan ya ce, "Amma dai mutane sun yi murna sosai."

Yau facin taya nake a bakin tasha, kuma har yanzu ban gane ba, haushinsa nake ji ko kewarsa. Ran jana'iza, da aka zo sa shi, sai na ga na juya wa kabarin baya. Na kasa kallo.

Ya Allah, ka yafe wa tsohon nan. Duk ihun da zai ji a can, ka sa na gida ne.