Ranar da Indo Ta Tare a Tasha

Indo mai waina ba ta san boko ba, ba ta san ajami ba, amma duk unguwar Gyaɗi-Gyaɗi babu wanda takarda ta wahalar kamarta.

Mijinta na fari, Inuwa, direban babbar mota ne. Shekarar da motoci suka koma hannun dama ya sake ta, da baki, a tsakar gida, daga shi sai ita sai kaji. Ta kwashe kayanta ta koma gidan kawunta Bello, ta yi iddarta, ta kafa tanda a ƙofar gida.

Ana nan sai Audu tela na Tarauni ya fito neman aurenta, mutum mai sanyin hali, kuma tana sonsa. An kai gaisuwa, saura sa rana, liman ya ce shi ba ya ɗaura aure kan aure. Ina takardar saki? In babu, ina shaidu? Da aka je gaban alƙali, shi ma abin da ya tambaya ke nan. Kaji kuwa ba sa ba da shaida.

Aka aika wa Inuwa. Ya ce, "Ni? Yaji ta yi. Matata ce." Ba sonta yake ba, tsabar mugunta ce kawai.

Kawu Bello ya ce ta yi haƙuri, mai haƙuri shi ke dafa dutse.

"Kawu, na dafa shi har tukunya ta huje, ban ga romo ba."

Ta samu labarin ana yi wa motar Inuwa lodi a tashar bakin titin Zariya, za shi Kudu. Da hantsi ta kira mai kurar ɗaukar kaya, aka ɗora gadonta, da tabarma, da kwanuka, da tanda. Dab da hancin motar ta sa aka sauke. Ta hura wuta, ta zuba ƙullu, ta hau suya kamar a ɗakin uwarta. Direbobi da 'yan kamasho suka yi mata zobe.

Sarkin tasha, dattijo mai furfura, ya matso. "Baiwar Allah, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Tarewa na yi. Mijina ya ce ni matarsa ce, ni kuma ban san masa ɗaki ba sai motar nan."

Tasha ta kwashe da dariya. Can sai ga Inuwa yana ratso mutane, mai kayan da aka loda na biye da shi yana faɗa.

"Maigida, sannu da zuwa," in ji Indo. "Waina za ka fara ci, ko in kai maka ruwan wanka?"

Inuwa ya ce ta tashi, sai ta ƙara gyara zama. Ya ce zai tayar da mota, ta ce ya bi ta kan matarsa. Wani ya yi guɗa irin ta mata. Nan idon Inuwa ya rufe.

"Ke wace irin jarababbiya ce? Ba tun shekarar canjin hannu na sake ki ba?"

Indo ta ajiye cokalin juyi. "Baba, kun ji?"

"Mun ji."

Sarkin tasha da wani direba suka ba da shaida, alƙali ya rubuta takardar saki ya buga hatimi. Sai dai ya ce tunda ba wanda ya ji sakin farko, idda sabuwa za ta yi daga ranar tasha. Wannan ya ƙona mata rai ƙwarai, har ta yi kuka, amma a ɗaki. Audu ya ce zai jira, ya kuma jira.

Ranar ɗaurin aure a ƙofar gidan Kawu Bello, liman ya karanta takardar a zuci, zai naɗe. Sai aka ji muryar amarya daga bayan ƙyauren zaure, abin da ba a saba ji ba.

"Malam, a karanta da ƙarfi. Wancan karon ba wanda ya ji."