Kare Mai Bokiti

Karenmu na gidan Samaru shi ke raka ni har ƙofar makarantar da nake koyarwa, ya juya gida abinsa. Da ƙugunsa ya lalace har ya daina taka ƙafar baya, likitan dabbobi ya yi masa aiki, ya sa ƙarfe a gaɓar. Sannan ya fasa gindin bokitin roba ya zura masa a wuya. Ya ce kada a cire sai ɗinki ya warke, don kada ya lashi wurin.

Ranar Laraba matan zumunta na cocinmu suka zo gwajin waƙa a gidana. Suna ganin kare da bokiti waƙa ta watse, dariya har da riƙe ciki. Surukata kuwa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an hana kare lasar ciwonsa ba, ai miyaunsa ne maganinsa. Ni kuma a duniya ba na son a yi mini dariya. Na zare bokitin na jefar.

Bayan mako biyu wurin ya kumbura, ya fara ruwa da wari. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mini: kare ya warware ɗinkin da harshe, ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashi sun zagaye ƙarfen. In magani bai ci su cikin mako shida ba, sai a yanke ƙafar. Bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malama, ina bokitinmu?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ranar na shiga bas zuwa kasuwar Sabon Gari, na sayo sabon bokiti, ja wur, na fasa gindinsa na zura wa kare a wuya, mai dariya ya yi ta yi. Safe da yamma ina cusa ƙwayar magani a cikin kan kifi in ba kare. Surukata ce ma ta koma mai riƙe masa baki, tana ce masa ɗan banza tana shafa kansa.

Wata Asabar, bayan an gama maganin, maƙwabciyata ta shigo a fusace, wai karenmu ya kori kazarta har bakin titi.

Na ce, "Maman yara, da ƙafa nawa ya bi ta?"

"Da huɗu mana."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, na rungume ta tana cikin masifarta.