Alhamis ta Maigatari ce

Shekarun baya, lokacin da nake aiki a sashen adana bayanan ɗalibai na wata babbar makaranta a ɓangarenmu, taubashina ya zo daga Damagaram domin karatun kasuwanci. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, kuma a gidanmu na Gumel ya sauka.

Da ya shiga shekarar ƙarshe, wata rana muna cin tuwo, mahaifiyata ta tambaye shi abin da zai yi bayan kammalawa. Ya ce zai koma ya ci gaba da ɗora wa mahaifinsa buhunan wake a mota, takardar shaidar karatun kuwa a sa ta a akwati. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa ofishin ba da shawara kan aiki. Ya ce ya san ƙofar, amma ya ɗauka ta masu tafiya bautar ƙasa ce, su kuwa baƙi ba sa yi.

"Kai da kake riƙe da takardun kowa," in ji shi, "ko tsintsiya ba ka samo mini ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da shi ba. Da na bincika, sai na tarar ana isar da sanarwar ofishin ne ta hannun ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomi. 'Yan Gagarawa suna da tasu, 'yan Sule Tankarkar suna da tasu, 'yan ƙetaren iyaka ba su da kowa. Sa'annan ranar Alhamis ofishin ke horar da ɗalibai kan neman aiki, ranar kasuwar Maigatari, wadda a cikinta iyayensu ke tsallakowa da saƙon gero da cuku. Duk ɗan Nijar da ke makarantar yana can a ranar.

Na kwana ina tsara jawabi. Washegari na sa babbar riga, na shiga wurin jami'in ofishin, wanda abokina ne, na fara da batun adalci da haƙƙin baƙo. Ban kai tsakiya ba ya dakatar da ni. Ya ce shi kansa ya daɗe yana mamakin rashin ganin 'yan ƙetaren, har ya zaci ba su da bukata. Da na ambaci Alhamis da kasuwar Maigatari, sai ya ce:

"To, a mayar Talata mana, Malam. Akwai saura?"

Akwai saura da yawa, amma babu inda zan kai shi. Na sha ruwan da ya miƙo mini, na tattara rigata na fito.

Talatar farko ni na tasa taubashina a gaba, yana ta mitar cewa na mai da shi ɗan firamare. A can aka koya masa tsara takardar neman aiki da amsa tambayoyin ganawa. A can kuma ya ji cewa wani kamfanin fiton kaya a bakin iyaka ya daɗe yana neman mai Faransanci da Turanci da Hausa. Faransancin da yake ɓoyewa don kada a yi masa dariya a aji, shi ya ba shi aikin.

Har yanzu ina jin ɗan zafin abin idan na tuna waɗanda suka kammala kafin shi. Shi ya sa tun daga lokacin duk ɗalibin da ya zo daga ƙetare, kafin in karɓi takardunsa, sai na taka da shi har ƙofar ofishin nan ya gan ta a buɗe.

Taubashina kuwa yana Maigatari har yau. Duk Alhamis motar mahaifinsa na bi ta gaban teburinsa, shi ke duba takardunta.