Duwatsun Ajiya

Da hantsin wata Lahadi, a kakar shekarar da na shiga aji biyu na lakwal, wato makarantar boko, Baba ya riƙe hannuna muka fita bayan gari. An gama ɗaurin hatsi, an liƙe bakin rumbuna, gonaki sun koma kara da sawun shanu. Yana saye da rigarsa ta zuwa kasuwa, da buhu a kafaɗa da tabarma a naɗe. Inna tana biye da mu da ƙanena Idi a goye. A inda hanyar ƙauyenmu ta rabu da gonaki ta miƙe zuwa Kore Mairuwa akwai wata tsohuwar tsamiya, a gindinta kuma tarin duwatsu ne da ya kai ƙugun babban mutum. Ajiya muke ce wa wurin. Baba ya zaro wani jan dutse daga aljihu, girmansa kamar dunƙulen fura, da ɗan rami a gefe wanda babban yatsana ya shige daidai. Ya sa na jujjuya shi na ƙare masa kallo, sannan ya ɗora shi ta gefen gabas. "Ki duba mini shi, Hawa," ya ce. "In anka yi ruwan shibka sai in komo in ɗauki abina." Ya shafa kaina ya kama hanya, ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Al'adar ba ta da wuya. Duk wanda zai bar gari ci-rani yakan zaɓi dutse, ya nuna wa iyalinsa, ya ɗora a Ajiya. Ranar da ya dawo, kafin ya shiga gida, kafin ma ya sha ruwa, sai ya tsaya ya ɗauke kayansa. Idan kuma labarin rasuwarsa ne ya zo, dangi ne za su ɗauke, su kai bakin maƙabarta, a yi addu'a a watse. Saboda haka da rani tarin yakan kumbura, da damina ya lafa. Amma akwai na ƙasa waɗanda ba sa motsi, sun yi baƙi, ciyawa ta ratsa tsakaninsu. Waɗannan na mutanen da suka tafi ne ba su dawo ba, ba a kuma ji mutuwarsu ba. Tsofaffi suna cewa wata doguwa ce a cikin tsamiyar take gadin wurin. Liman yana cewa babu ruwansa da doguwa, amma shi ma da ɗansa zai tafi, da kansa ya raka shi ya ga inda aka ajiye dutsen.

Tun daga ranar, duba dutsen Baba ya shiga cikin ayyukana, daidai da sharar tsakar gida da wankin ƙore. Da sassafe mu je rijiya, igiyar guga ta gurje mana tafin hannu, in taya Inna surfe, in ba awaki dusa, sannan in sunkuci allona in ruga lakwal. Ajinmu rumfar kara ce, a ƙasa muke zama, wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa maimakon Faransanci kuma, malaminmu da muke ce wa mushe ya rataya masa ƙahon akuya a wuya. Na sha wannan ƙaho, don ni bakina ba ya zama wuri ɗaya. Da yamma idan mun fita itace, sai in ratse ta tsamiya, in ajiye gammo, in cusa yatsa a ramin nan, in tabbata shanun Fulani masu wucewa ba su ture shi ba. Ƙawayena suna tsokanata wai na tafi gaida Baba, har su tambaye ni ko ya amsa. Mukan zauna a inuwar tsamiyar mu yi carafke har hannu ya yi fari, amma da tsakuwar da muka tsinto can nesa. Duk rashin jinmu, babu wadda ta taɓa ɗaukar ko ƙwaya ɗaya daga Ajiya. Idan na koma gida Inna ba ta tambaya. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kama sunana, sai dai ta ɗago kai daga turmi ta dube ni, ni kuma in ce yana nan.

Da aka yi ruwan shuka maza suka fara dawowa, wannan da rediyo, wancan da fitila da atamfa. Muna tsaye muna kallo kowa ya duƙa ya ɗauki nasa, yaransa na tsalle. Tarin ya yi ta raguwa har gefen gabas ya kwaɓe, jan dutsen nan ya rage a sama shi kaɗai, kowa na ganinsa. Na ji kunyar wannan dutse ba kaɗan ba, har na so in tura shi ƙasa ya ɓuya. Inna ce ta shuka gonar a shekarar, ina bin ta da iri a ƙoƙo ina rufe rami da diddige. Wani ya ce ya ga Baba a tashar mota a Ikko, wani ya ce a'a, Kumasi ya nufa. Damina ta wuce, wata ta zo, maganar ta tsufa a bakin mutane.

Abin da ya hana ta tsufa a gidanmu shi ne dawowar Tankari. Wani mutum ne da ya bar gari tun Inna tana budurwa, an daɗe da daina ambatonsa. Rannan muna tasowa daga lakwal muka iske wani tsoho mai furfura durƙushe a gindin tsamiya, yana ɗaga duwatsu ɗaya ɗaya yana mayarwa, gumi na zuba. Ya manta kamannin nasa. Mutane suka taru, ba wanda ya iya taimakonsa, sai da aka je aka riƙo yayarsa Kande, wadda da kyar take taka ƙasa. Ba ta ko gaishe shi ba. Ta zagaya tarin, ta sa sandarta ta nuna wani baƙin dutse can ƙasa, ta ce, "Ga shi nan, wawa." Tankari ya ciro shi ya rungume, ya fashe da kuka a gaban yara. Inna tana wurin da tulu a kai, na ga ta tsaya har ruwan ya jiƙa mata kafaɗa.

Shi ya sa lokacin da Baffa Arzika, yayan Baba, ya zo da maganar a ɗauke dutsen, bai ji da daɗi ba. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ya yi. Ya zauna bakin ƙofa ya yi ta lallashi, ya ce shekaru sun ja, a kai dutsen maƙabarta a yi wa mutum addu'a, kowa ya san matsayinsa, ita ma ta huta. Inna ta saurare shi da ladabi, kanta a ƙasa. Da ya gama ta ce ba ta ƙi ba, amma a kawo mata wanda ya ga gawa. Ya sake zuwa wata shekarar, ta ba shi amsar bara. Ni kuwa na shiga tsoro kada ya je ya ɗauke a ɓoye, har na riƙa gudu daga fili lokacin shan iska in je in duba, in dawo in sha bulala. Baffa bai taɓa dutsen ba har ya rasu, Allah ya ji ƙansa.

Da na ci jarrabawa aka tura ni kolej a Dogon Dutsi, Inna ta ce in nemo dutse. Mata ba sa ajiya a lokacin, sai aka yi ta dariya wai ga 'yar ci-rani da kallabi. Ba ta kula su ba. Na tsinto wani fari mai santsi a cikin kore, inda ruwa ke bi da damina, ta sa na ɗora shi jikin na Baba. Duk hutu in sauko daga mota in ɗauke, ranar komawa in mayar. Haka na yi har Doso, har Yamai, har na gama karatu. Ranar da na tafi kama aiki na ɗora shi kamar kullum, ban san zai daɗe haka ba.

Aikina adana kayan tarihi da al'adun gargajiya ne, kuma ba zan ɓoye ba, ya gajiyar da ni. Rabin rayuwata ya ƙare a ɗakin ajiya ina faɗa da gara da yoyon ruwa, ina kakkaɓe tsofaffin ganguna da ba mai kaɗa su, da tukwanen da ba mai girki a ciki. Ɗaya rabin ya ƙare a hanya, daga Lugu zuwa Tibiri, daga wannan gindin itace zuwa wancan, ina wayar wa mutane kai a kan abin da kakanninsu suka bar musu. Su saurare ni, su yi mini godiya, su tambaye ni yaushe za a gyara musu rijiya. Ban taɓa ganin laifinsu ba. Gida kuwa sai dai in leƙa da rana, in ci tuwo a tsaye, direba yana danna oda a waje.

Ana nan sai wani furoje, wato shirin masu ba da agaji, ya zo da tallafin kare wuraren tarihi, ni da bakina na ba da sunan Ajiya. Da dalili. Masu gini sun fara zuwa da amalanke suna kwasar duwatsun gefe, wasu samari masu wa'azi suna cewa a baje wurin, zaizayar ruwa kuma ta ci har kusa da saiwar tsamiya. Injiniyan da aka turo ya zagaya, ya auna, ya kawo shawara mai kyan gani a takarda: a zuba siminti a kama duwatsun gaba ɗaya yadda ba mai iya cire ko ɗaya, a kewaye da waya, a kafa allo mai bayani. Shugabana ya ji daɗi, ya ce abin zai yi kyau a hoto. Ni abin bai kwanta mini ba, amma na ce a bari mu ji ta bakin mutanen gari, tunda aikina ke nan.

Aka yi taron a gindin tsamiyar, maza a gaba bisa tabarmi, mata can baya a tsaye. Ni nake fassara. Maigari ya yi na'am, dattawa suka gyaɗa kai, don ba a mayar da baƙo da alherinsa. Har injiniya ya fara naɗe takardunsa sai na ji murya daga baya, muryar da ban taɓa jin ta a taron maza ba. Inna ce, ta tsufa, ta dogara sanda. Ba injiniya ta duba ba, ni ta duba. "Ke wagga," ta ce, "in kunka kame su da siminti, wanda ya komo mi za shi ɗauka?" Wasu samari suka yi dariya ƙasa-ƙasa, don kowa ya san wanda take nufi da kuma tun yaushe. Sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce shi ma na ɗansa yana ciki. Wata mata ta ce na mijin ɗiyarta yana ta arewa. Kafin a jima taron ya rikice, kowa yana nuna nasa da yatsa. Na fassara wa injiniya maganar Inna kalma da kalma.

Wata da watanni na yi ina rubuta bayani ina shiga ofis ina fita, ina nanata cewa wannan wuri ɗauka da ajiyewa ne ke riƙe da shi, ranar da aka kame shi ya mutu. Daga ƙarshe aka fasa zuba simintin, aka kuma fasa komai, tallafin ya koma wani wuri da ya fi sauƙin ɗaukar hoto. Shugabana ya ce na yi wa garinmu baƙin ciki. Abin da Ajiya ta samu shi ne shingen ƙaya da mata suka ja da hannunsu, wanda awaki suka riga suka huda. Wannan ita ce babbar nasarata a aiki, kuma ba ni da abin da zan nuna wa kowa.

Ranar da na kai wa Inna labarin, ta ce in raka ta wurin. Idonta ya yi rauni, don haka ni na kama yatsanta na sa a ramin jan dutsen. Ta daɗe tana shafa shi. Farin nawa yana jingine da shi, ya yi ƙura. Na miƙa hannu zan ɗauka, ina jin yau dai na cancanta, sai ta buge mini hannu da sandarta. "Bar shi," ta ce. "Da motar aiki kinka zo, da ita za ki koma. Ran da kinka komo, kya ɗauka." Na buɗe baki zan yi gardama irin tawa, sai odar direba ta taso daga bakin hanya.

Yanzu samarin garinmu ba sa bi ta tsamiya. Babur ke kwasarsu zuwa tasha, daga can sai wurin haƙar zinariya ko ƙetaren hamada. Idi ma haka ya tafi, bai ajiye komai ba, ya ce ai ga waya. Yakan turo murya, in kunna wa Inna ta saurara ta sa albarka, amma duk ranar da wayar ta ƙi shiga ba ta da inda za ta je ta taɓa. Da muna yara tarin yakan kumbura ya lafa, muna gane rani da damina a jikinsa. Yau yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba, masu sanin wane na wane ne kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ba mu zuba simintin ba, amma wani lokaci in na tsaya a wurin sai in ga kamar an zuba. Duk da haka in aiki ya biyo da ni ta hanyar, nakan ce direba ya tsaya, in ratsa shingen, in cusa yatsa a ramin da ya yi mini kaɗan, in je in ce wa Inna yana nan. Duwatsu biyu nake dubawa yanzu, ɗayan nawa ne.